Kifin Rijiya: Manhajar Da Ta Ci Gwaji A Kano, Ta Faɗi A Ɗansoshiya

Idan ka taɓa tsayawa gaban mai POS a Kwanar Ɗangora, ya sa katinka, na'ura ta yi ta juyi sannan ta ce ciniki bai yiwu ba, sai ga alat ya shigo wayarka cewa an cire kuɗin, to ka riga ka san matsalar da zan yi magana a kanta, ko da ba ka taɓa jin sunan Docker ba. Mai POS ya ce bai ga kuɗi ba, banki ya ce ya biya, kai kana tsakiya. Kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Saƙo ne ya isa inda aka aike shi, amsarsa ta ɓace a hanyar dawowa.

Ƙorafina shi ne, yadda mafi yawanmu masu rubuta manhaja ke shirya wurin gwaji a yau, wannan abin ba ya taɓa faruwa a cikinsa. Ba wai yana da wuyar faruwa ba. Ba shi da hanyar faruwa kwata-kwata, sai idan mutum ya ƙirƙiro shi da gangan.

Bari mu fara da kwantena, don mai karatun da ba fanninsa ba ne. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Tana dogara da wasu ƙananan manhajoji, da rumbun ajiyar bayanai, da saituttuka iri-iri, kuma idan ɗaya ya bambanta tsakanin kwamfutarka da tawa sai abu ya lalace. Shi ya sa a da babu maganar da ta fi yawa a bakin masu wannan sana'a kamar "ni dai a kwamfutata yana aiki". A watan Maris na 2013 Solomon Hykes ya nuna wa duniya Docker, wata dabara ta naɗe manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, kamar kwantenar da ake lodawa a Guangzhou a sauke ta a Apapa ba tare da an taɓa kayan ciki ba. Wannan ya yi magani sosai, kuma ba na cikin masu raina shi. Yau ɗalibi a Kabuga zai iya tada sabar da rumbun bayanai da manhajar gwaji a kan laftof ɗinsa cikin minti biyu, ya gwada, ya rushe, ya sake tadawa fes kamar ba a taɓa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda waɗannan kwantenoni ke magana da juna.

Linux na ba kowace kwantena nata ɗakin sadarwa: adireshinta daban, ƙofofinta daban, kamar dai kwamfuta mai zaman kanta. Sai a ɗauko wata waya ta ƙirƙira mai baki biyu, a sa baki ɗaya cikin kwantenar, ɗaya a jikin wata gada da ita ma ta ƙirƙira ce. Gadar da Docker ke zuwa da ita sunanta docker0, kuma adireshin da take rabawa yana farawa da 172.17. Idan da Docker Compose kake aiki, zai gina maka gadarka ta musamman, ya haɗa maka da ɗan littafin sunaye da ke zaune a 127.0.0.11, ta yadda manhajarka za ta kira rumbun bayanai da sunansa kawai ya amsa. Abin da daɗi. Amma ka lura, a duk wannan babu waya ta gaske ko da taku ɗaya. Saƙon bai fita daga cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ba. Zuwa da dawowarsa bai kai milisakan guda ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Babu hadari, babu tsauni, babu ƙarfen sabis da janaretansa ya ƙare da gas. Manhajar da aka raina a nan kifin rijiya ce, ta ɗauka duk ruwan duniya haka yake kwance.

Yanzu ka kwatanta da wayar da ke hannun mutum a kudancin Kano, wadda sabar da take magana da ita tana Turai, kamar yadda da yawan manhajojinmu suke. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma kebul ɗin MainOne da aka fara aiki da shi a 2010 ya yi tafiyar kilomita 7,000 a ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, milisakan 80, tun kafin a yi lissafin cunkoso ko tazarar da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis. Wannan kuɗi ba ya rage shi, dokar haske ce. Idan kuma waya ta sauko kan 2G, wato ka ga harafin E ɗin nan ya bayyana a sama, jinkirin kan kai ɗaruruwan milisakan.

Ni da kaina na sha wannan ruwan, shi ya sa nake da bakin magana. A lokacin rani mun shiga Ɗansoshiya, dajin nan na ƙaramar hukumar Kiru inda gwamnatin Ganduje ta ware wa makiyaya wurin zama, muna tattara bayanai a kan inda dabbobi ke samun ruwa da nisan da suke yi kafin su kai gare shi. Manhajar tambayoyin mu muka haɗa ta da wasu abokai, kuma ni na rubuta gwaje-gwajenta. Kwantena uku: sabar, rumbun bayanai, da wadda ke kwaikwayon waya. Duk gwajin da na rubuta ya fito kore. Na kwana da murna.

Rana ta biyu a daji, ɗaya daga cikin matasan da ke cike mana fom ya same ni a gindin bishiya ya miƙo min waya.

"Malam, ya ƙi tafiya fa. Sau uku ina dannawa."

"Bar shi kawai, in mun fita titi zai tafi," in ji ni.

Da muka koma Kano na buɗe rumbun bayanai, sai na ga abu biyu da suka saɓa wa juna. Fom ɗin da ba shi da hoto, wanda waya ta ce bai tafi ba, ashe ya tafi, kuma duk dannawar da yaron nan ya yi sai da ta shiga. Ruga ɗaya ta fito sau uku, shanunta sun ninka uku. Fom mai ɗauke da hoton rijiya ko tafki kuwa bai iso ba sam. Da ban zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ba, da na rubuta a kundin bincikena cewa yankin na da dabbobin da ba shi da su, wani kuma ya ɗauki wannan adadi ya yi lissafin allurar rigakafi ko girman madatsar ruwa da shi. Ba a kan allon kwamfuta irin wannan kuskuren ke tsayawa ba.

Matsalar hoton lissafi ne mai sauƙi. TCP, wato ƙa'idar da intanet ke bi wajen tabbatar da cewa bayanai sun isa, tana yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki kusan bayit 1,460, kuma duk lokacin da ta ga wani yanki ya ɓace sai ta rage gudu don ta ɗauka cunkoso ne. A 1997 Matthew Mathis da abokan aikinsa suka fitar da wani ƙiyasi da ke nuna cewa gudun yana raguwa daidai da tsawon jinkiri, yana kuma raguwa da yawan ɓacewar yankuna. Mu ɗauka jinkirin milisakan 300 ne, kuma biyu cikin ɗari na ɓacewa. Ƙiyasin zai ba ka kusan kilobayit 42 a sakan. Hoto mai megabayit 3 zai ɗauki sama da minti ɗaya. Ni kuwa na ce wa manhajata idan ta jira sakan 30 ta haƙura. Daga ina na samo 30? Daga babu. A kan gadar Docker hoton yana wucewa kafin ƙiftawar ido, don haka ko 30 na rubuta ko 3, gwajin kore zai ba ni. Gwajin da ba zai iya bambance lamba mai kyau da marar kyau ba, me ya gwada?

Matsalar ninkin ta fi zurfi, kuma ita ce ta mai POS. Idan waya ta aika saƙo ba ta ji amsa ba, abu biyu ne ke iya faruwa: ko saƙon bai isa ba, ko ya isa amsa ce ta maƙale. Daga inda wayar take babu yadda za ta gane wanne ne. Maganin sananne ne. A ba kowane fom lambarsa ta musamman tun a kan waya, sabar kuma idan ta ga lambar da ta riga ta karɓa sai ta ce "na samu" ba tare da ta sake rubutawa ba. ODK, manhajar tattara bayanai da aka fara a 2008 wadda masu aikin rigakafin shan inna a arewacin Najeriya suka daɗe suna amfani da ita, haka take yi. Ni na san wannan a karatu. Abin da ya hana ni yi shi ne wurin gwajina bai taɓa nuna min ina buƙatarsa ba.

Akwai na uku da ban gano ba sai daga baya, wanda nake kira mutuwar shiru. Kamfanonin waya ba sa ba kowane layi adireshin intanet nasa shi kaɗai. Dubban layuka ke raba ɗaya, wata na'ura a tsakiya tana riƙe da rajistar wa ke magana da wa. Idan hira ta yi shiru na ɗan lokaci sai na'urar ta goge ta daga rajista, ba ta gaya wa waya ba, ba ta gaya wa sabar ba. Kowa na zaton ɗan'uwansa na kan layi. Linux kuwa, idan ma an kunna masa leƙen "kana nan?", sai hira ta yi shiru na sakan 7,200 yake fara leƙawa, awa biyu cur, in ba a sauya masa ba. A cikin kwantena idan ka kashe sabar, nan take manhaja za ta ji an rufe mata ƙofa, ta ɗauki mataki. A daji ba a rufe ƙofa, shiru kawai ake yi. Mu kuma rufe ƙofar muke gwadawa mu ce mun gwada katsewar sabis.

To laifin wa? Ba zan ɗora wa Docker duka ba. An gina shi ne don ya haɗa kwantenoni cikin sauƙi, kuma ya haɗa. Tun 1994 Peter Deutsch na kamfanin Sun Microsystems ya jera zato-zaton ƙarya da masu rubuta manhaja ke yi game da sadarwa, na farkonsu shi ne ɗaukar cewa layi ba ya yankewa, na biyu cewa babu jinkiri. Cutar ta girmi Docker da shekara kusan ashirin. Abin da nake tuhumar Docker da shi, tare da darussan da ake koyar da shi da su, shi ne sun mayar da waɗannan zato biyu gaskiya a cikin ɗakin gwaji. Ka duba darasin haɗa kwantenoni duk wanda ka samu, a YouTube ko a wuraren horon da suka cika Kano yanzu. Za a koya maka buɗe ƙofa, da dalilin da ya sa localhost na cikin kwantena ba shi ne na kwamfutarka ba, da yadda za ka sa wannan ta ga waccan. Da zarar sun ga juna an tashi darasi. Ga wanda masu amfani da manhajarsa ke zaune a Balin ko Landan, wataƙila ya tsira da haka. Ga wanda nasa ke Riruwai, a tsakiyar duwatsun Doguwa, a nan ne darasin ya kamata ya fara.

Abin haushin kuma, kayan lalata layi da gangan suna nan, kyauta ne, wasu ma suna cikin kwamfutarka yanzu haka. Linux na da netem tun shekaru wajen ashirin da suka wuce. Layi ɗaya ne:

tc qdisc add dev eth0 root netem delay 300ms 100ms loss 2%

Ma'anarsa, duk abin da zai fita daga wannan kwantena a jinkirta shi milisakan 300, a riƙa ƙarawa ko ragewa da 100, a kuma zubar da biyu cikin ɗari. Sai dai da sharaɗi. Docker ba ya barin kwantena ta taɓa saitin sadarwarta sai ka ba ta izinin NET_ADMIN lokacin tada ta. Sannan netem abin da ke fita kawai yake riƙewa, don haka idan kana son amsa ma ta wahala sai ka sa shi a ɓangaren sabar. Mutane da yawa na sa shi gefe ɗaya su ɗauka sun gama.

Ga matsalar mai POS kuwa, Toxiproxy ya fi dacewa, wanda kamfanin Shopify na Kanada ya rubuta. Kwantena ce da kake sakawa a tsakanin waya da sabar kamar ɗan aike, sai ka riƙa ba shi umarni: bar saƙo ya wuce, amma ka riƙe amsa, kada kuma ka rufe layin. Ranar da na fara yin wannan, cikin minti biyar na ga rugar nan ta ninka uku a kan laftof ɗina, ina zaune a ɗaki. Abin da ya ci min kuɗin mota da kwana huɗu a daji.

Sai guda biyu da Docker ɗin kansa ke da su amma ba a cika ambata ba. Da docker network disconnect za ka iya zare kwantena daga gada gaba ɗaya, ka ga yadda manhaja za ta yi idan babu sabis. Kuma kada ka zare na sakan goma kawai ka mayar. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, aka yi makonni a haka. Manhajar da ke kan wayar ma'aikacin lafiya a irin wannan hali, izinin shigarta zai ƙare, fom zai taru ɗaruruwa, ranar da sabis ya dawo kuma duk wayoyin yankin za su afka wa sabar a lokaci guda. Ka tura agogon gwajinka gaba da wata ɗaya ka gani. Na biyun shi ne gina gada da alamar internal, wadda ba ta da hanyar fita intanet. Nan za ka gano abubuwan da manhajarka ke ɗaukowa daga waje ba ka sani ba, taswira ko salon haruffa ko wani ɗan guntun rubutu da ke zaune a Amurka. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, MainOne na cikinsu, bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya a ranar suka san nawa ne na aikinsu ke ratsa teku.

Za ka iya cewa wannan zai sa gwaji ya yi nauyi, kuma sakamako ya riƙa sauyawa tunda zubar da yankunan na caca ne. Gaskiya ne, kuma gwajin da yau ya ci gobe ya faɗi ba gaira ba dalili, ƙarshensa mutane su daina kula shi. Shi ya sa ba na cewa a lalata layi a kowane gwaji. A bar masu sauri a kan gada mai tsabta. A ware kaɗan, waɗanda suka shafi kuɗi ko aika bayanai, a yi su a kan layin da aka lalata ta hanyar da ba ta caca ba: riƙe amsa, yanke layi bayan an aika rabin hoto, yin shiru. Waɗannan kullum sakamako ɗaya suke bayarwa.

Amma kada in sayar maka da netem kamar maganin a-sha-yanzu. Shi ma rijiya ce, ta dai fi faɗi. Umarnin da na rubuta a sama yana zubar da yankuna jefi-jefi, ɗaya nan ɗaya can. Wanda ya taɓa bin hanyar Tudun Wada zuwa dajin Falgore da waya a hannu ya san ba haka sabis ke yi ba. Yana nan garau, sai ya ɗauke ɗif na tsawon kilomitoci, sai ya dawo rabi-rabi. Akwai yadda ake sa netem ya riƙa zubarwa a dunƙule, amma ko da haka sai ka ba shi lambobi, kuma lambobin nan 300 da 2 da na yi ta amfani da su misali ne na ɗauko, ba awo ba ne. Idan daga kai ka ƙago su, ka koma gidan jiya, irin sakan 30 ɗina.

Kuma sadarwa ba ita kaɗai ce hanyar da wurin gwaji ke saɓa wa ranar aiki ba. Ka tuna 25 ga Fabrairu 2023, da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV alhali na 'yan majalisa na hawa, daga wayoyi iri ɗaya a rumfuna ɗaya. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne, ba sabis ba ne, tsarin ne aka gina shi yana ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, sai sabar ta rasa inda za ta sa shi. Zaɓukan da shafin ya yi aiki a kansu kafin nan, irin na gwamnan Edo da Anambra da Ekiti da Osun, kowanne yana cikin jiha guda. Ko ka gamsu da wannan bayani ko ba ka gamsu ba, wannan maganar siyasa ce kuma ba ita na zo yi ba. Abin da ya shafe mu shi ne, in haka ne, an yi ta cin gwaji shekara da shekaru a kan tambayar da ba ita aka yi ranar jarrabawa ba.

A 2015 Facebook ya fito da wani tsari na rage wa ma'aikatansa gudun intanet zuwa na 2G na awa ɗaya ranar Talata, ga wanda ya yarda, don su ɗanɗani abin da masu amfani da manhajarsu ke sha a Indiya da Afirka. Su sai da suka kwaikwaya. Mu namu na gaske yana nan, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kano. Da na koma Ɗansoshiya karo na biyu, kafin in buɗe fom ko ɗaya sai da na kunna ping a kan layuka biyu daban-daban, na bar shi yana rubuta jinkiri da ɓacewa tun daga Kwanar Ɗangora har cikin ruga, da safe da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau waya. Waɗannan lambobin su ne yanzu a cikin fayil ɗin Compose ɗinmu, da sunan wurin da ranar da aka auna a gefensu. Na bayan magariba su muke sawa kafin mu saki kowane sabon gyara, kuma a makon jiya sun kama wani da ya wuce duk sauran gwaje-gwajen.